Tsalle da ninƙayar a-kori-kura a talla: abin da ƙarfe ke iya ɗauka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana kan bidiyon tallan motocin a-kori-kura da ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp. A cikinsu za ka ga Hilux ko Ranger ta tashi sama daga kan tudun rairayi, ta keta kogi ruwa na fantsama, ko ta ja jirgin sama kamar akuya a igiya. Mu makanikai ne da direbobi a nan Marwa, kuma abin ya dame mu, domin yaran mota da sababbin direbobi suna ɗaukar waɗannan hotuna a matsayin shaidar abin da motar maigidansu za ta iya. Yawancin abin da ake nunawa ya faru da gaske a gaban kyamara. Sai dai abin da ke ba mai kallo mamaki shi ne mai sauƙi ga mota, abin da ke karya ta a hanyoyinmu kuwa ba ya fitowa a talla.

Mu fara da jan kaya. A watan Oktoba na 2012 wata Toyota Tundra ta ja kumbon Endeavour ta tsallaka da shi wata gada a yankin Los Anjeles. Kumbon da abin da aka ɗora shi a kai sun kai kusan tan 132, alhali abin da kamfanin ya yarje wa motar ta ja bai kai tan 5 ba. Babu ƙarya a ciki, an yi shi a gaban jama'a. Amma mota ba ɗaga kayan take yi ba, jan su take yi a kan tayoyi. Abin da ke kan taya a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ƙarfin da ake buƙata don ya ci gaba da tafiya bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa ba. Ke nan tan 132 na neman jan da ya kai tan 2 ko kusa da haka, kuma mota mai tan 2 da rabi, da giyar taimako, a kan busasshiyar kwalta, tana iya bayar da wannan na 'yan mintoci cikin tafiyar hawainiya. Kan layin dogo ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. A 2019 Ford ta nuna F-150 mai lantarki tana jan taragan jirgin ƙasa da nauyinsu ya haura tan 500. Ƙafar ƙarfe a kan dogo ba ta neman ko kashi ɗaya cikin ɗari, biyu cikin dubu ma ya ishe ta, wato jan tan 1 da 'yan kai. Shi ya sa kullum jirgi ko tarago ake ja a talla. Ba za ka ga an ɗaura wa motar tirelar albasa mai tan 6 an ce ta hau da ita hanyar Mokolo ba.

Dalili kuwa, hawa na sauya lissafin gaba ɗaya. Duk mita 1 da hanya ta ɗaga a cikin mita 100, ana ƙara kashi 1 cikin 100 na dukan nauyin a kan jan. Da gadar nan tana da hawan mita 5 cikin 100, da kumbon ya nemi ƙarin fiye da tan 6, tayoyin motar su yi ta juyawa wuri ɗaya. Sauka kuma ta fi hawa haɗari. Hilux ta yanzu, bisa ga nau'inta, an yarje mata jan tirela har zuwa kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar na da nata birki. Idan ba ta da shi, iyaka kilo 750 ne. Tirelolin da ake waldawa a garuruwanmu, nawa ne ke da birki? Ngaundere tana kan tudun da ya haura mita 1,000, Garwa kuwa ba ta kai mita 300 ba, kuma mai saukowa falez, wato gangaren dutsen da ke tsakaninsu, da kaya ya san inda aikin yake. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, zafi na taruwa har man birkin ya tafasa. Man birki nau'in DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, amma idan ya daɗe ya tsotsi danshi, digiri 140 ya ishe shi. Da ya tafasa sai kumfa, ƙafa ta nutse har ƙasa, mota na ci gaba da gudu. Giyar da za ka hau da ita, da ita ake sauka, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a sake shi ya huce, kuma a sauya man duk shekara biyu.

Su kansu injiniyoyin Amurka ba da kumbo suke auna ƙarfin jan mota ba. Ma'auninsu mai suna J2807 ya tanadi a hau wata hanya ta kilomita 18 a jihar Arizona da cikakken kaya, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ba tare da inji ya yi zafi ba. Wannan shi ne gwajin da ya yi kama da rayuwarmu, mu da muke ganin sama da digiri 40 a watan Afrilu, amma ba ya ƙayatarwa a bidiyo.

Ja-in-ja tsakanin motoci biyu kuwa, irin wanda Tesla ta nuna a 2019 tsakanin Cybertruck da F-150, ba ƙarfin inji yake aunawa ba. Wadda ta fi nauyi a kan tayoyin da ke ja, ita ke cin gasa. A bar wannan.

Akwai kuma inda aka shirya yaudara, kuma hukuma ta kama. A 2011 Nissan ta yi tallan Frontier tana tura wata ƙaramar motar rairayi da ta maƙale, har ta haye da ita saman tudun yashi. A watan Janairun 2014 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta bayyana cewa igiyoyin ƙarfe ne suka ja motocin biyu, kuma an sa hawan tudun ya fito da tsananin da ba shi da shi. Tun a 1990 an kama Volvo ta ƙarfafa rufin motarta ta kuma raunana ginshiƙan sauran motoci kafin wata ƙatuwar mota ta bi ta kansu. Ko ba a kai ga haka ba, dabarun ɗaukar hoto sun isa: a karkata kyamara hawa ya ƙara tsayi, a ajiye ta a ƙasa tsalle ya ƙara nisa, a ƙara saurin hoton, a yi amfani da motoci da yawa masu launi ɗaya a nuna wadda ta tsira, a goge igiya da kwamfuta. Sannan a ƙasan hoton, da ƙananan haruffan da ba sa karantuwa a waya, a rubuta da Turanci ko Faransanci cewa ƙwararren direba ne a rufaffiyar hanya, kada a gwada. Wanda ya yanko bidiyon ya tura a WhatsApp yakan yanke har da wannan gargaɗin.

Rairayi ba a cin sa da ƙarfin inji. Taya mai iska bar 2.2 zuwa 2.5, wato abin da masu faci ke kira kilo, nutsewa take yi tana tura yashi a gabanta, sai jan da ake buƙata ya tashi daga kashi 2 zuwa kashi 20 ko 30. A rage iskar zuwa bar 1.2 ko 1.5, tayar ta shimfiɗe, a tashi a hankali, a riƙe gudu ɗaya. Ƙasa da bar 1, taya na iya zamewa daga rim a kwana. Idan mota ta fara tona, a ɗaga ƙafa daga totur nan take, a koma baya a kan sawun da aka zo. Tudu kuma ana hawansa ne kai-tsaye, a sauka kai-tsaye. Gicciye shi da ake yi a talla yashi na tashi, shi ne ke kifar da mota mai kaya a sama. Da an dawo kwalta a mayar da iska, a fitar da giyar ƙafa huɗu, domin a busasshiyar hanya tayoyin gaba da na baya ba sa samun zamewar da za su daidaita, sai akwatin giyar taimako ya ɗaure har haƙora ko sarƙarsa su lalace.

Tsalle kuwa lissafinsa ƙarami ne. Mota mai tan 2 ta faɗo daga tsayin mita 1. Idan abin da sifirin da taya za su iya lanƙwasawa santimita 20 ne, ƙarfin da zai bi ta ƙafafunta ya kai ninki shida na nauyinta, tan 12 ke nan. In tana ɗauke da tan 1, ya zama tan 18, kuma ya fi haka ma, tunda kayan sun riga sun cinye rabin lanƙwasar. Motocin tseren hamada da ake gani suna sauka lafiya, ƙafarsu na iya motsi santimita 60 zuwa 90, ga kejin ƙarfe a ciki, ga direba ɗaure da ɗamara da hular kwano, ga gangaren da aka gyara domin saukar. A-kori-kurar kasuwa injinta na gaba, don haka da hanci take sauka. Abin da ke biyo baya sananne ne a kowane gareji: shakazoba ta fashe ta zubar da mai, rotil, wato mahaɗin ƙafar gaba mai kan ƙwallo, ya fita, tukunyar baƙin mai ta bugi ƙasa, lagireto ya tsage, aksul ɗin baya, wanda muke kira pon, ya lanƙwashe har taya ta riƙa cinyewa gefe ɗaya. Wani lokacin motar takan tashi ta tafi kamar babu komai, tsagar na nan ɓoye a shasi, sai bayan wata biyu ta buɗe a hanya. Kuma ba sai an nemi tudu ba. Shiga ramin hanyar Mora zuwa Dabanga da gudun kilomita 80 da cikakken kaya, tsalle ne shi ma, sai dai babu mai ɗaukar hoto.

A nan ne muke son masu motoci su tsaya da kyau, domin lodi shi ne ciwonmu. Hilux da takwarorinta kayan da aka yarje musu tan 1 ne, ko ƙasa ko sama da kaɗan, kuma a cikin wannan tan ɗin har da direba da fasinja da ƙarfen da aka walda a bodi da tayar safiya ta biyu. Buhun dawa mai kilo 100 guda goma ya cika ma'auni tun kafin direba ya zauna. Mai ƙofa huɗu da ta ɗauki mutum biyar ta riga ta ci kilo 350, saura buhu shida, ko buhun siminti 13, ko duro uku na ruwa. Inda aka ajiye kayan ma ya fi yawansu muhimmanci. Tsakanin tayar gaba da ta baya kusan mita 3 ne. Kilo 500 da aka ɗora mita 1 a bayan pon, kamar yadda ake yi idan an saukar da ƙofar bodi an ɗaure kaya a kanta, yana danna ƙafar baya da kusan kilo 660, ya kuma ɗauke kilo 160 daga ƙafar gaba. Sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta kalli sama, birkin gaba ya rage kamawa, shasi kuma ya riƙa lanƙwasa daidai tsakanin ɗaki da bodi har ya karye. Ƙara wa sifirin ganye biyu ko uku yana ɗaga bayan motar, ido ya ga kamar ta samu ƙarfi, amma kallon kitse ake yi wa rogo: pon da birki da shasi da taya suna nan yadda suke, sai ma bugun rami ya riƙa isa shasi kai-tsaye. A jikin kowace taya akwai lambar nauyi bayan girmanta: 104 na nufin kilo 900, 108 kilo 1,000, 112 kilo 1,120, kuma da cikakkiyar iska ake nufi. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT mako ne da shekarar da aka yi ta, abin da ya kamata mai sayen taya ta hannu ya fara dubawa. A talla sau ɗaya ake jefa kaya a bodi, a sabuwar mota. Tamu kuwa kullum ne, shekara da shekaru.

Sai ruwa, wanda shi ne ke cin rai. Zurfin da kamfani ya yarje wa Hilux ta yanzu santimita 70 ne, Ranger 80, kuma ana nufin ruwa mai kwance, ƙasa mai tauri, tafiya kamar ta mai ƙafa. Fantsamar da ake gani a talla alama ce ta ruwa marar zurfi, domin a ruwan da ya kai gwiwa mota ba ta iya wannan gudun. Kuma kafin a ɗauki hoton an auna wurin taku-taku. Kogunanmu irin su Mayo Kaliyawo ko Mayo Tsanaga a watan Agusta ba haka suke ba: ruwa jajawur, ba a ganin ƙasa, yashi na zaizayewa a ƙarƙashin taya, gefen daɓen siminti na mashigi ya ɓace. Ɗakin mota mai ƙofa huɗu faɗin ƙasansa ya kusa murabba'in mita 4. Ruwa ya haura daɓensa da santimita 25, yana ɗaga motar da ƙarfin tan 1, rabin nauyinta ke nan, kafin ya samu hanyar shiga. Tayoyi sun rasa riƙo, igiyar ruwa na tura ta daga gefe, kuma idan gudun ruwan ya ninka, turawar na ninkawa huɗu. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana tafiya da a-kori-kura, komai sunanta. Mayo kuwa saurin cika gare shi da saurin janyewa, jiran awa biyu ko uku sau da yawa ya wadatar.

Inji shi ma ba ya yafe ruwa. Injin dizal na matse iska ninki 15 zuwa 22, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A injin lita 2.8, sararin da ke saura a saman fistin bai kai mililita 50 ba, ƙasa da ƙaramin kofin shayi. Wannan kaɗai ya shiga, sandar fistin, wato biyel, ta lanƙwashe ko ta huda jikin injin. Idan tilas ne a tsallaka ruwa mai kwance, a tsaya pon da birki su huce, domin ƙarfe mai zafi da ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta hujin numfashinsa, man ya koma kamar madara. Mutum ya taka da sanda ya auna. Inda mutum ba zai iya tsayawa ba, mota ba za ta iya ba. A sauke gilasai, a sa giyar taimako, a zaɓi giya ɗaya a riƙe, domin taka kuloci a tsakiya na shigar da ruwa da laka cikinsa. Gudu na tura ruwa cikin matatar iska, yana kuma lanƙwasa fanka ta yanki lagireto. In ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli ko sau ɗaya, kada kuma a tura ta don ta tashi. A ja ta waje, a duba matatar iska. In ta jiƙe, a cire injekta ko filogin ɗumama inji, a juya injin da hannu ruwan ya fita, a sauya baƙin mai da man giya da na pon. Dogon bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi yana kare numfashin inji kawai. Ba ya hana mota yin iyo, ba ya kare wayoyi da kwamfutar inji.

Laka kuma, musamman baƙar ƙasar karal ta yankin Waza da Logon, tana riƙe mota riƙon da talla ba ta nunawa. Wadda ta nutse har pon tana neman jan da ya kai nauyinta, wadda ta zauna a kan shasi ninki biyu ko fiye. Fizgar ta da sarƙa, mai ja ya taho a guje, shi ne ke tsinke ƙarfe ya tashi kamar harsashi, domin sarƙa ba ta miƙewa. Kada a taɓa rataya igiya a ƙwallon jan tirela ko a bamba. A haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin pon, a ɗaga da jak a kan katako, a cusa itace ko faranti, a rage kaya, a ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, a jefa bargo a tsakiyar igiyar, jama'a su ja baya fiye da tsawonta.

Ba muna cewa motocin nan ba su da ƙarfi ba ne. Mutanen wannan yanki sun fi masu talla sanin darajarsu. A 1987, a Fada da Wadi Dum, sojojin Cadi a kan Hilux da Land Cruiser sun fatattaki rundunar Libiya mai tankoki, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Rashin nauyi ne, da sauri, da sanin ƙasa, da sauƙin gyara suka yi wannan aiki. Haka kuma manyan motocin Amurka da aka fi gani a waɗannan bidiyo, irin su F-150 da Tundra da Silverado, sun fi namu girma da inji, don haka ko adadin da aka faɗa a kansu ba na motar da ke tashar Kuseri ba ne.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, idan tallan mota ya zo jaridarka, a fassara gargaɗin da ke ƙasansa da Hausa, da haruffan da ido zai gani. Ga iyayen gidanmu masu motoci kuma, akwai ɗan faranti a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet. A yawancinsu lamba ta farko ita ce iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta, ta biyu mota haɗe da tirela, sai ta ƙafar gaba, sai ta ƙafar baya. A cire nauyin motar ba kaya daga lamba ta farko, abin da ya rage a mayar da shi lissafin buhu, a rubuta da fenti a jikin bodi inda mai lodi zai gani.

Wassalam. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu makanikai da direbobin a-kori-kura,
Marwa, Arewa Mai Nisa, Kamaru